Nyaharawa Mai Ƙofa Biyu

Kafin masu tumatir su sauke kwanduna, kafin mai shayi ya hura wuta, ƙarar da kasuwar Mahada take fara ji ita ce ta bokitin ƙarfe yana gwaruwa da bakin famfo. Duk direban da ya taɓa kwana a tasharmu da lodin taba, yana jiran gari ya waye ya haura Rumphi ko ya nufi Mzuzu, ya san wannan ƙara. Nyaharawa ce ta iso. Sai ta ɗaura zanin aiki a kan na fita, ta zura takalman roba masu dogon wuya da suka yi wa ƙafarta yawa, ta cika durom da ruwa, sannan ta nufi banɗakin kasuwa, na maza a dama, na mata a hagu. Ba ta kulle su in za ta tashi, saboda matafiya, don haka kullum da safe akwai tsarabar da aka ajiye mata. Takan leƙa kowace ƙofa tukuna, ta girgiza kai, ta ce, "To, an gode, Allah ya ƙara ci." Daga nan sai buroshi da sabulu da toka su kama aiki.

Sunanta na yanka Estere, amma wa zai kira mace kamarta da sunan yanka? Nyaharawa muke cewa, 'yar gidan Harawa, na ƙasa da ita kuma su ce Amama. Ta fara aikin nan tun mangwaron bakin tasha bai kai tsayin mutum ba, yau ga shi manyan motoci ke fakewa a inuwarsa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye tsintsiya, gwiwoyi sun ce sun gaji. Ni kuwa na ce ba za ta tafi shiru ba. Mu mutanen kasuwa mun iya yabon mai kuɗi da mai mulki, amma wadda take share mana abin da muke kunyar ambata, ko sannu sai mun ga dama muke ce mata, kuma wannan abin yana ci mini rai.

Akwai gardamar da ta girmi rumfunan kasuwar nan, wai tsakanin maza da mata wa ya fi ƙazanta a banɗaki. In ciniki ya yi sanyi sai a tayar da ita. Mai riƙe wa mata tuta ita ce Nyazgambo mai busasshen kifi, wadda in ta buɗe baki har mahauta sukan ajiye wuƙa su saurara.

"Ku dubi Allah," in ji ta wata rana, tana nuna 'yan kabu-kabun keke da baki, "rami ga shi nan kamar bakin tukunya, amma ƙato ya shiga sai ya yi wa bango ban-ruwa. Masara kuka shuka a bangon?"

"Ke rufe mana baki," in ji ɗaya daga cikinsu. "Wa ke toshe rami da tsumma har sai an kira masu yasa? Mu ne?"

"Amama, ku raba mu, ku ne alƙali."

Nyaharawa ta jingina tsintsiya da bango. "Ni da nake wanke duka biyun ban ga wanda zan ba tukuici ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Ku maza ba ku saiti, ba ku kora ruwa, ku fito ku shafa hannu a wando ku je ku kama tuwo. Ku kuma mata kowace ƙyamar ta gabanta take, sai ta tsaya daga nesa ta ƙara ɓata wurin, ta jefa tsumma a rami don kada a ga sirrinta. Naku ganganci, naku kuma kunya, duk a gadon bayana suke sauka."

Ba a faɗa ta tsaya ba. Ta lura namiji in yana shi kaɗai ba ya wanke hannu, in ana kallonsa kuwa har tsakanin yatsu yake cuɗawa, sai ta fito da bokitin wanke hannu fili, inda kowa ke gani. Wanda ya yi niyyar zarcewa sai ya ji murya a bayansa: "Maigida, sabulun nan ba ya cizo." A ɓangaren mata ta ajiye gwangwani mai murfi, da kanta take kwashewa ta ƙone, ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi fuskar wadda ta jefa ba. Akwai kuma wankakken zani da ke rataye a bayan ƙofa. Matan da suka sauko daga mota suka tarar al'ada ta zo musu ba shiri su ne za su ba da labarin zanin nan. Wasu sun dawo da shi, wasu sun tafi da shi har Karonga, ita kuwa sai ta rataye wani.

Ke ce, Nyaharawa, kika san cikin kasuwar nan fiye da mai awo da mai haraji. Kin san wanda cikinsa ya ɓaci, kin san wadda ta samu juna biyu tun mijinta bai sani ba, kin san dattijon da fitsari ya fara yi wa gardama, amma ba a taɓa jin maganar wani a bakinki ba. Rijiya mai murfi! Mun sha wuce ki muna toshe hanci, alhali abin da muke toshe wa hancin daga jikinmu ya fito. Kin gani kin yi kamar ba ki gani ba, washegari kuma kika ce mana sannu da zuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, a damunar bana ya faru. An yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya kwana da kwanaki, ƙasa ta sha ta yi laushi, wata safiya sai ramin ɓangaren mata ya rufta, bango ya bi shi. Allah ya taƙaita, ba kowa a ciki. Shugaban kasuwa, Luhanga mai shagon taki da iri, mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da gaggawa. Ya tara 'yan kwamiti a tsaye, ya yanke cewa kafin a samu halin gini kowa ya riƙa shiga ɓangaren maza.

"Ɗakuna ne a jere, kowanne da ƙyaurensa," in ji shi. "Ƙofar shiga ce kawai ɗaya. A manyan birane ma haka ake yi, ba wanda ya mutu."

Sai ga abin mamaki. Mazan nan da aka yi shekaru ana fama da su suka shiryu cikin 'yan kwanaki. Mutum ya san in ya fito wata baƙuwa daga motar Mzuzu ce za ta shiga bayansa, kuma ta ga fuskarsa, sai ka ji yana kwara ruwa moda bayan moda. Bango ya bushe, ƙasa ta yi fes. Luhanga ya zo ya zagaya, hannuwa a baya, yana shaƙar iska.

"Amama, kun ga abin da nake faɗa? Tunda aka gina wurin nan bai taɓa yin tsafta haka ba. Me za a yi da wani sabon gini? Filin can shago za mu yi da shi."

Ita ma da farko ta ji daɗi, ƙarya ba kyau, don bayanta ya samu sauƙi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ta lura matan da ke shigowa duk matafiya ne, fuskokin da ba ta sani ba. Gwangwanin nan mai murfi ya koma wuni wayam. Mai sayar da tobwa, kunun masarar nan na gargajiya, ta fara ƙorafi, wai mata sun daina saye, kullum da ragowa take komawa gida. Nyaharawa ta ajiye buroshi ta taka har teburin kifi.

"Nyazgambo, wai ina kuke zuwa ne?"

A karon farko aka ji Nyazgambo ta rage murya. "Amama, kun manta kasuwar da muke? Wan mijina mahauci ne, kawunsa ke faci a bakin tasha. In tsaya layi a bayan wan mijina, ya fito in shiga? Gara mafitsarata ta fashe. Masu ƙarfin ƙafa kwazazzabon bayan injin niƙa muke gangarawa. Sauran kuwa sun daina shan ruwa, shi ke nan."

Sai a lokacin Nyaharawa ta gane. Garinmu ƙarami ne, kowa surukin kowa, kuma a wurinmu mace ba ta haɗa banɗaki da surukinta, ko a gida ma kowa da nasa. Duk kasuwar nan an san haka, ba kuma wanda ya tuna da shi ranar da ake yanke hukunci a tsaye cikin ruwan sama. Ta bi rumfunan mata da ido ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya tsaya a kan Lusungu.

Lusungu tumatir da ganyen kabewa take sayarwa, yarinya ce mai sanyin hali, a gaban Nyaharawa ta tashi. Mijinta ya tafi neman aiki can kudu ya bar ta da ciki, kuma wannan cikin shi ne wanda kowa ke yi wa addu'a, don waɗanda suka riga shi duk ba su zauna ba. Ya yi girma, ba ta iya gangara kwazazzabo mai santsi. Gida da nisa, a kan tudu. Teburin nan kuma shi ne cinta da shanta. Uban mijinta, Adada Chavula, wato Baba Chavula, tela ne. Da a bayan bangon da ya faɗi yake kafa keken ɗinkinsa, ya shekara a nan bai taɓa kuka da wari ba, wannan ma shaida ce. Da inuwar ta tafi sai ya koma barandar injin niƙa, wadda ke kallon ƙofar nan ɗaya tilo. Lusungu ba ta cin abinci a gabansa, ba ta kama sunansa, in suka yi kiciɓis a hanya takan ratse ta durƙusa, shi kuma ya amsa gaisuwa yana kallon bishiya. Ina ita ina ratsa gabansa ta shiga inda maza ke shiga?

Nyaharawa ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa mata. Leɓen yarinyar duk ya tsattsage.

"Sha, 'yata."

"Na ƙoshi, Amama."

"Da ruwa ake ƙoshi? Tun safe me kika zuba a cikin nan?"

Lusungu ta kau da kai daga kofin. Idonta ne kawai ya je barandar injin niƙa ya dawo.

"Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa," in ji Nyaharawa a hankali. "Zo in tsaya miki a ƙofa, in kare ki da zanina."

"Ku yi mini rai, Amama. In ya ɗaga kai fa? Da wane ido zan sake shiga gidansa?"

Ba a ɗauki wani lokaci ba zazzaɓi ya kayar da ita a bayan teburinta, tana riƙe da ƙugu tana rawar ɗari. Aka ɗauke ta a bayan wata motar masara zuwa asibiti, Nyaharawa na riƙe da kanta, da takalman robarta da komai. Ungozomar asibiti ta ce ciwon fitsari ne ya hau har ƙoda, ga jiki ya bushe, saura kaɗan naƙuda ta taso ba lokacinta ba. Aka yi mata ƙarin ruwa, ciki ya lafa. Ranar sallama ungozoma ta ja mata kunne: ta riƙa shan ruwa da yawa, in ta ji fitsari kada ta riƙe, in ciwon ya dawo ba lallai a iya tsayar da cikin ba.

Ka ji fa. In ta sha ruwa sai ta bi ta ƙofar da ba za ta iya bi ba, in ta ƙi sha ta rasa abin da ke cikinta, in ta zauna a gida kuma tukunya ta kife. Lusungu ta dawo kasuwa da magani a bakin zani, ta zauna ta sunkuyar da kai. Nyaharawa ta dube ta ta ce a ranta, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, wannan cikin ba zai zube a kan idona ba.

Ta jira sai da shagon Luhanga ya zama ba kowa, don ba ta son a ce ta ja da babba a gaban jama'a. Ta gaishe shi, ta ce ƙofa take so a fasa a bangon baya, ta wajen masu tumatir, a kuma raba ɗakunan nan gida biyu.

"Haba, Amama! Wurin da ya gyaru shi za mu lalata? Ku da kanku kun ga tsaftarsa."

"Na gani, Shugaba. Gidan da ba kowa ai ba ya datti. Rabin kasuwarku ba sa shiga."

"Ƙauyanci ne kawai, za su saba. Duniya ta ci gaba."

Nyaharawa ta gyara ɗaurin kallabi. "Haka ne. To amma ni tunda bangon nan ya faɗi ban ga kun shigo ba. Lafiya dai ko?"

Luhanga ya kama gyara buhunan da ba su karkace ba. "Ni... gida nake zuwa."

"A babur? Cikin ruwan nan?"

Nyaharawa ta juya ta dubi waje. Ta ƙofar shagon ana hango wata tsohuwa mai sayar da wake, zaune daf da layin banɗaki, uwar matar Luhanga ce. Ya dubi tsohuwar, ya dubi Nyaharawa, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna a kan buhu yana share hawaye.

"Amama, kun gama da ni. Man babur ya kusa talauta ni, ban gaya wa kowa ba! Gobe magini zai fasa ƙofa. Amma katakon raba ɗaki fa babu, ba zan yi muku ƙarya ba."

"Ku ba ni tsofaffin buhunan taki. Sauran ku bar mini."

Ta wanke buhunan ta shanya, ta naɗe su ta ɗora a ka, ta nufi barandar injin niƙa. Wannan ita ce tafiyar da ta fi mata wuya, don akwai maganar da ba a yi wa suruki ko da wasa. Ta durƙusa ta gaida Adada Chavula, ta tambayi gona, ta tambayi awaki, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, sannan ta sauke kaya.

"Adada, ɗinki na kawo."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Wane ango ne zai sa rigar buhu?"

"Labule ne. Ninki biyu, daga rufi har ƙasa, yadda ko inuwar ƙafa ba za a gani ba. Za a fasa wata ƙofa ta baya, ta wajen masu tumatir."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Ya murza bakin buhu da yatsa, sannan ya yi magana, kuma ba ita yake kallo ba.

"Nyaharawa, kin ga na taka wurinki tunda bangon nan ya faɗi?"

"Ban gani ba. Na ɗauka na mai injin niƙa kuke shiga."

"Ina! Har bayan coci nake takawa, da tsufana, da wannan mafitsara da ba ta jin lallashi. Na ce kada 'yar mutane ta ji an ce nan nake shiga ta kasa zuwa, ga ta da nauyi. Na bar mata wurin gaba ɗaya."

"Ita ma ta bar muku, Adada."

Injin niƙa na ta ruri a bayansu. Tsoho ya cire tabarau, ya dubi ƙofar banɗakin da ke gabansa kamar yau ya fara ganinta, ya dubi inda ya kafa kekensa.

"Ashe zazzaɓin nan... Ashe ni ne na zauna a kan jikana."

"Ni ban ce komai ba. Ɗinki na kawo."

A ranar, kafin ya zura zare, sai da ya sa aka ɗauke masa keke aka kai ƙarƙashin mangwaro, can ƙarshen kasuwa. Ya juya wa rumfunan mata baya ya kama ɗinki. Buhun taki ba yadi ba ne, allura ta karye ya sa wata, ruwa ya sauko ya rufa leda a ka ya ci gaba. Wanda ya kawo masa facin wando ranar ya sha kora.

Aka fasa ƙofa, aka rataya labule a tsakiya, aka kafa zana daga bakin sabuwar ƙofar har rumfunan mata. 'Yan kabu-kabu suka fara murna, wai sun huta da idon baƙi, za su koma gidan jiya. Ba su san Nyaharawa ba. Ta ɗauki bokitin wanke hannun maza ta kafa shi daidai gaban teburin Nyazgambo, ta ce, "Ƙofa za a raba, ido ba a raba shi." Har yau in namiji ya fito bai ji ƙarar ruwa a bayansa ba, daga teburin kifi zai ji sunansa da na ubansa.

Safiyar farko ba macen da ta motsa, kowace na jiran wata ta fara. Sai Nyazgambo ta miƙe ta ɗaure zani tamau ta ce, "To, ni dai na tafi, wadda ta ga dama ta zauna ta kumbura!" Mata suka bushe da dariya suka bi bayanta. Nyaharawa ta karɓo kunun tobwa cike da kofi ta kai wa Lusungu, ta tsaya a kanta har ta shanye, ta ƙara mata da ruwa. Can an jima yarinyar ta tashi a hankali, hannu a ƙugu, ta bi ta cikin zana ba wanda ya gan ta. Da yamma ɓangaren mata ya yi kaca-kaca yadda ya saba. Masu shara sun ce sun ji Nyaharawa tana wanke shi tana rera waƙar coci.

Ciki ya ci gaba da girma, ciwo bai dawo ba. Masara ta bushe a gona, aka fara karya, Lusungu ta sauka lafiya a kan lokacinta, 'ya mace. Da cibiya ta faɗi, ranar da ake wanke jariri a fito da shi ya ga rana, Adada Chavula ya aika a kira Nyaharawa. Ta ɗauka aikin tukwane ne, ta zo da zanin aikinta a hammata. A al'ada babbar mace daga dangin uba ce ke yin wannan wanka, kuma ƙanwar tsohon na zaune a tsakar gida, ga ruwan ɗumi a gabanta, ga jaririya a cinyarta. Da Nyaharawa ta shigo sai matar ta tashi daga kan kujera ta miƙa mata yarinyar.

Nyaharawa ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta a cikin zani. Wasu mata suka fara kallon juna. Daga bayan dangar gidan, inda maza ke tsayawa, sai aka ji muryar tsohon.

"Karɓi, Nyaharawa. Ni na roƙi ƙanwata, ta kuma yarda."

"Adada, hannuna? Kun fa san abin da hannun nan yake taɓawa tun safe har yamma."

"Mun sani. Namu yake taɓawa. Da bai taɓa ba, da yau babu wadda za a wanke."

Nyaharawa ta nemi sabulu, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta sake wankewa, hali zanen dutse. Sannan ta zauna ta karɓi yarinyar. Matar da ta shekara tana ganin abin da take gani ba ta taɓa yamutsa fuska ba, ranar sai ga hawaye yana ɗiga cikin ruwan wanka, ba ta ko share ba. Ruwa na taɓa jaririya ta tsala ihu, Nyazgambo ta ce, "Af, wannan muryata ta ɗauko, ku shirya!" Gida ya kaure da guɗa da dariya. Lusungu na daga bakin ƙofar ɗaki, ta rufe fuska da zani, kafaɗunta na rawa.

Mun gode, Nyaharawa. Ke ce kika ga wuri ya yi tsafta kika tambayi wanda bai zo ba. Ke ce kika raba ƙofa ba ki raba zumunci ba, kika fitar da mutum biyu daga kunya ba tare da kin kunyata ko ɗaya ba. An fara buga tubalin sabon ginin mata, Luhanga da kansa ke tsaye a kai, amma mata sun ce ko an gama ba mai taɓa labulen buhun nan. Allah ya huta gajiya, ya sassauta wa gwiwoyin nan, ya ba wadda za ta gaje ki rabin haƙurinki.

Ku kuma masu karatu, duk inda kuke akwai irinta a bakin wata ƙofa, a tasha ko a kasuwa ko a asibiti. In kun shiga ku kora ruwa, in kun fito ku wanke hannu ko ba mai kallo, ku dubi fuskarta ku ce sannu da aiki. In kuma shugabanci ya faɗo hannunku, kafin ku yanke yadda jama'a za su zagaya, ku tambayi mai tsintsiya, ita ta san wanda ke zuwa da wanda ya kasa.

Je ki huta, Amama. Yarinyar da kika wanke tana nan a bayan uwarta, ta yi ɓul-ɓul. Uwar kuwa ta dawo kan tumatir ɗinta da gorar ruwa a gefe, in ta ji ƙishi sai ta ɗaga ta sha.